Matar da Na Zata 'Yar Wasa Ce

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a karatun gyaran ƙashi da gaɓoɓi da hannu, wanda mahaifiyata har yau take kira ɗorin Turawa, aka tura mu asibitin koyarwar makarantarmu a Sentul, wata unguwa a birnin Kuala Lumpur. Malamarmu ta tara mu ta ce kafin a yaye mu za a turo wa kowa majinyacin ƙarya, ɗan wasan da ya haddace ciwo, kuma ba za a faɗi rana ba. Wanda ya kasa zai maimaita zango.

Daga ranar na daina yarda da kowa. Tsoho ya shigo yana ɗingishi, ni ina jiran ya manta ya sauya ƙafa. Ni da ruwan sama a gilashin taga kan ɗauke wa hankali, sai ga ni na zama 'yar sandan ciki.

Wata Laraba aka shigo min da wata dattijuwa 'yar Jos, ta zo renon jika wurin ɗanta a unguwar Pantai Dalam. Tana ganina ta ce, "Kai, 'yar gida ce! 'Yata, Allah ne ya kawo ni wurinki."

A raina na ce, duk faɗin Kuala Lumpur a ce mai jin Hausa ce ta faɗo ɗakina? Lallai malama kin shirya.

Ta ce wata uku bayanta na ciwo, ko ta kwanta ba ya lafawa, ta rame har zani ba ya zama a ƙugunta. Can ta rage murya ta ce an taɓa yi mata aiki a nono. Kamar tana karanto min shafin littafinmu, inda aka jera alamomin da ke cewa kada ka taɓa, tura asibiti.

"Ki ɗan danna min nan kawai," in ji ta. "Ko ɗana ban gaya masa ya kai haka ba."

Na ce ga tarkon. Na ƙi taɓa ta, na rubuta mata takardar zuwa babban asibiti, ina magana dalla-dalla ina satar kallon kusurwar ɗaki ko akwai kyamara. Da na raka ta ƙofa, na yi murmushi na raɗa mata, "Mama, kin iya wallahi. Har na kusa yarda."

Ta dube ni, ta naɗe takardar, ta tafi.

Bayan kwana biyu na kai wa malama labari ina jiran yabo. Ta duba fayil ɗin ta ce, "Shawararki daidai ce. Amma wannan ba tamu ba ce. A ina za mu samo 'yar wasa mai yarenku?"

Da izininta na kira lambar da ke fayil ɗin. Mama ba ta je asibiti ba.

"Ke ba ki yarda da ciwona ba," ta ce a hankali, "ni kuma in yarda da takardarki? Ko sannu ba ki ce min ba, 'yata."

Da yammar nan na hau jirgin ƙasa zuwa Pantai Dalam. Na durƙusa a falonsu na faɗa mata komai, har da kyamarar da babu ita. Ta yi dariya har ta dafe bayanta. "Ni 'yar fim? Da wannan fuskar?" Sannan ta ɗauko takardar daga cikin Littafi Mai Tsarki, ta kira ɗanta. A asibiti aka gano tsohon ciwon nonon ne ya dawo ya taɓa ƙashi. An fara magani, ta kuma ga jikanta ya fara tafiya kafin ta koma Jos.

Ɗan wasan gaske ya zo ya wuce, har yau ban san wanene ba, na dai ci jarrabawar. Amma duk lokacin da na tuna kwana biyun da takardar nan ta yi a naɗe saboda bakina, sai kunya ta rufe ni. Yanzu ina da ɗan ɗakin aikina. Kowa ya shigo ya ce nan ke masa ciwo, kafin in ɗauki biro, sai na fara ce masa sannu.