Baƙin Wutar Iya a Bangon Makaranta

Alhaji Sada ya sa an shafe baƙin wutar kakata Iya da farin fenti, sannan ya turo aka yi wa ɗakinta jan alama, wai za a rushe. Abin da ya yi mini ke nan. Gwamnati ce ta ce tsohon ginin firamaren garinmu, nan kusa da Tafoki, ya zama wurin tarihi. Shi kuma da ya yi ritaya daga babban ofis a Katsina, sai aka ba shi shugabancin tsofaffin ɗalibai. Katanga yake son ya zagaye ginin da ita, ɗakin Iya kuwa ya tare masa hanya.

Lokacin da kuɗin fetur ya faso, gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga boko kyauta. Aka gina azuzuwa na bulo da kwano dab da gidanmu, har bangon baya ya zama kamar dangarmu. Dagaci ya kwaso yara daga ƙauyuka da rugage masu nisa, aka rasa inda za su kwana. Iya ta ce a kawo mata. Yaran nan kuwa gudu suke yi. Malami ya yi bulala har ya gaji, gari na wayewa sai a ga tabarma ba kowa.

Iya ba ta taɓa dukan ɗan kowa ba. Bayan isha'i takan hura wuta da kara a gindin bangon makaranta, don yana tare iska, ta zuba mana gyaɗa a toka. Sai ta gyara zama ta ce, "Na kawo kaya, wa za ya sauke ni?" Mu ce mu ne.

Tatsuniyar ta ɗan shamuwa ce. Iskar farkon damina ta jeho shi daga sheƙa, ya faɗo bakin akurki, jiƙe sharkaf. Kaza ta leƙo ta gan shi. 'Ya'yanta suka ce wuri ya cika, kuma wannan ƙafafunsa sun yi tsawo. Ɗan shamuwa ya ce, "Inna, ko gefen fiffike ne ki ba ni."

Daidai nan Iya za ta yi hamma.

"Na gaji. Wanda na ji muryarshi cikin aji gobe, shi za ya ji saura. Bangon ga ba ya ɓoye mani murya, kowa na san tashi."

Haka ta riƙe su. Sada ya fi kowa kuka, ga dogayen ƙafafu, shi ya sa take kiransa Dogo. Akwai ranar da ya gudu har hanyar Mairuwa, ba wanda ya bi shi. Da magariba sai ga shi ya dawo da ƙafarsa, ƙura har gira. Bai ko gaisa ba ya ce, "Iya, kazar ta yarda?"

Ta yarda. Ta riƙe shi, ta yi tono ta ba shi, ta yi faɗa da shaho a kansa. Iya ta yi ta jan labarin nan shekara da shekaru, kullum da sabon abin da ya sami ɗan shamuwa. Ƙarshen kuwa ta ce sai wanda ya gama aji ya zo yi mata sallama.

Ni ban gama ba. Ina aji huɗu babanmu ya kwanta ciwo, ga bakuna da yawa a gida, na ɗauki fartanya. Tuwon da Sada ya ci ya zauna jarrabawa, ni na nome dawar. Ya ci jarrabawar, ya hau mota, bai leƙo Iya ba. Sai da ta tsufa ƙwarai ta faɗa mini ƙarshen, ni kaɗai. Da, na ɗauka dabarar tsare yara ce kawai. Sai da furfura ta fito mini na gane tun a lokacin ta san halin wasu da take riƙo, kuma bai hana ta zuba musu gyaɗa ba.

Ranar da manyan baƙi suka zo duba ginin, na sami Alhaji Sada a bayan bango, babbar rigarsa sai ƙamshi.

"Malam Iro," in ji shi, "tarihi gini ne, ba dauɗar hayaƙi ba. Za a ba ka fili wani wuri."

Na nuna masa bangon. Fentin bai daɗe ba, amma baƙin ya soma ɓullowa ta ƙarƙashi.

Na ce, "Dogo, zo ka ji saura, tunda ba ka tsaya ba. Ɗan shamuwar ya girma ya tashi. Wata damina ya dawo ya yi sheƙa a bisa icce, ya ce akurkin ga wari yake, a kawar da shi. Aka kawar. Da iska ta taso ta jeho ɗanshi, ba kowa ƙasa sai kare. Ginin ga da kake wa katanga, da ba don wutar tsohuwar nan ba da awaki ke kwana cikinshi, kai kuma kana bin shanu. Ka shafa fenti duk shekara in kana da hali. Ɗakin Iya kuwa, ni ke kwana ciki. Ran da za a rushe, kar ka aiko yara. Ka zo da kanka."