Malamar da Ke Gyara da Fensir

Mai karatu, ina gargaɗinka tun daga farko: kada ka nemi hawaye a rubutun nan, domin ban yi kuka ba tukuna. Kuma idan kana da 'ya'ya, ka karanta har ƙarshe kafin ka sake ɗaga wa ɗayansu murya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran 'yata, malamar Turanci a kwaleji, bayan gajeruwar jinya. Da likita ya faɗa mini, na ce to. Na dawo gida na kwashe shanyar da na bari a igiya, na ninke.

'Yata, aikinki koya wa 'yan shekarar farko rubuta insha'i da Turanci, aikin da kowa a sashenku ke gudu. Kowace Asabar kina zuwa gidana da jakar takardu, saboda yaranki ba sa barin ki sakat. Ki baje su a teburin cin abinci, ki fiƙe fensir, ki ce in zauna. Iyakata sakandare, amma ni kike karanta wa. Ashe a aji kina ce musu su rubuta kamar mahaifiyarki ce za ta karanta, mace marar haƙuri, wadda in mutum ya yi kwana-kwana za ta tambaye shi me yake son cewa.

Ba kya sa jan biro a rubutun farko. Da fensir kike gyarawa, ki mayar wa ɗalibi ya sake, sai a na biyu ki ba da maki. Na sha faɗa miki wannan ɓata yara ne. Ni haka na rene ku: kuskure ɗaya, hukunci ɗaya.

A Asabar ɗinki ta ƙarshe kin karanta mini rubutun wani da ake ce wa Dogo, magidanci mai gyaran waya da ke karatun yamma. Ya taɓa faɗuwa darasin, idan ya sake faɗuwa za a sallame shi daga kwalejin. Ya kwaso manyan kalmomi daga ƙamus ya jibga, babu kai babu gindi. Na ce wannan a kore shi ya huta, kowa ma ya huta. Kika yi dariya har fensir ya faɗi.

"Mama, da ke ce alƙali, da gidan yari ya cika har bakin ƙofa."

Kika rubuta masa a gefe cewa ya bar ƙamus, ya rubuta abin da ya sani. Kika bar takardun a teburin, kika ce kanki na ciwo, za ki dawo ki ƙarasa.

Bayan an tashi daga zaman makoki, shugaban sashenku ya zo ɗaukar takardun, wani malami zai sa musu maki don lokaci ya ƙure. Na gaya masa duk na fensir ne, masu su ba su ga gyaran ba. Ya ce ya san halinki. Ya amince a raba musu, duk wanda ya sake ya kawo kafin ƙarshen mako za a karɓa.

Ana gobe wa'adin zai cika, Dogo ya yi sallama a ƙofata. Sai da ya sunkuya ya shigo. Ya ce ba shi da wanda zai karanta wa, kuma Malama ta ce ni suke rubuta wa. Na nuna masa kujerarki. Ya karanta a kan dalilin da ya sa bai kamata mai gyara ya buɗe hotunan da ke wayar mutane ba. Turancin na ɗingishi, amma na gane kowace magana. Sau ɗaya ya fara kewaye-kewaye, na ji bakina ya ce, "Ɗan nan, me kake son cewa?" Ya faɗa a taƙaice. Na ce to rubuta hakan. Ya ɗauki fensirinki ya rubuta.

Jiya ya bugo waya, ya haye darasin, da ƙyar. Na yi masa barka, na ajiye wayar, na ci gaba da wanke-wanke.

Allah ya jiƙanki, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa ilimin da kika bayar ya bi ki. Ina yi wa mijinki ta'aziyya, da jikokina, da ƙannenki, da abokan aikinki, da ɗalibanki. Allah ya ba mu haƙuri.

Na tara ƙannenki da jikokina a teburin nan na kafa doka, kuma sun san ba na magana biyu. Daga yau, duk wanda ya yi kuskure a gidan nan, za a nuna masa inda ya kauce, a bar shi ya sake sau ɗaya kafin a hukunta shi. Dokar ta hau kan kowa, kuma ni ce ta farko da za ta bi ta.