Yaya Usman da Tabarmar da Ke Kallon Uhudu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Usman, kuma har yau ina tambayar kaina ko abin da ya yi daidai ne.

Dakon dabino yake yi a unguwar Ƙuba ta Madina tun yana saurayi, har bayansa ya ƙage. Ya koma yin salla a kan kujera. Mutum yana zaune a Madina, amma goshinsa ba ya taɓa ƙasa a masallacin Annabi. Wannan ya fi ciwon cin ransa.

Wani ma'aikacin asibiti, Musulmi ɗan Indiya, shi ya koya masa yoga. Tsohuwar hanya ce ta mutanen ƙasarsu. Ana miƙe gaɓɓai a hankali, a tsaya a yanayi guda, a ja numfashi a sake shi sannu sannu har zuciya ta natsu. Da na ji cewa wasunsu ibada suke yi da ita, har da gaida rana, sai hankalina ya tashi. Na same shi na ce, “Yaya, ina tsoron shirka.”

Ya yi dariya ya ce, “Ke Hajara, ko Zamzam aka ba ki sai kin tambayi wanda ya ɗebo. Khalas, shi ke nan, zo ki zaɓa min inda zan kalla in ina yi.”

Gabas rana ce, yamma ma ita ce. Kudu alƙibla ce, na ce kada ya yi kama da salla. Sai muka juya tabarmarsa arewa, wajen dutsen Uhudu. Ya bar yi da fitowar rana, kuma da istigfari yake sakin numfashinsa. Duk da haka ban natsu ba.

Yanzu ’ya’yansa mata suna kallon yoga a tashoshin dish. In na yi musu faɗa da Hausa, su amsa da Larabci wai riyada ce kawai, motsa jiki. Da yana raye, ina jin cewa kawai zai yi su rage gaggawa in suna yinta, ni kuma ya tsokane ni.

Ba ni da ilimin yanke hukunci, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne ya ajiye kujerar kafin azuminsa na ƙarshe. Waɗanda suka yi masa wanka sun gaya min akwai sabon tabon sujada a goshinsa. Allah ya gafarta masa, ya karɓi sujadar nan.