Rakiya a Bakin Tafki

Asabar ta farko bayan ɗaukewar damina, shekara biyu ke nan, ƙarfe bakwai da kwata na safe. Mu uku ne a motar: ni, da ƙanwata, da mahaifiyarmu Hajiya, wadda ta zauna a baya ta rungume jakarta kamar mai zuwa kotu.

Likita ne ya jawo. Ya ce sukarin jininta ya ƙi sauka, in kuma ba ta fara tattaki ba, wata mai zuwa sai allura kullum. Hajiya na tsoron allura fiye da kunama. Sai dai a wurinta, tafiya ba aike ba ziyara aikin marasa mafaɗi ne.

Na samo wuri a bayan Gonin Gora: wani ɗan tafki da itatuwan turare da dalbejiya suka kewaye, da hanyar ƙafa mai inuwa, ba hawa ba gangara. Na riga na auna ta da agogo, minti arba'in.

"Gidan wa za mu?" in ji Hajiya da muka sauka.

"Ba gidan kowa, Hajiya. Zagayawa za mu yi mu dawo nan."

"Mu dawo nan? To ai ga mu nan."

Ƙanwata ta toshe baki da gyale. Da lallashi da magiya muka samu taku kamar ɗari biyu, sannan Hajiya ta sami wata saiwa ta zauna, ta ce ita dai ta iso.

Kusa da wurin wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna na ban ruwa a lambunta na alayyafo da yalo. Hajiya ba ta iya ganin mutum ta yi shiru. Gaisuwa ta kai su ga tambayar unguwa, sai ga shi dukansu sun yi zaman Kakuri zamanin da masaƙu ke aiki, mazajensu na fita da jiniya ɗaya. Nan fa aka tafa. Mama, kamar yadda muka shiga kiranta, ta cika wa Hajiya jaka da yalo.

Da Hajiya ta miƙe za ta koma mota, ƙanwata ta raɗa wa Mama zancen likita. Mama ta ɗaure fuska, ta gyara zani.

"Bari in taka miki, Hajiya. Amma baƙona ba ya fita ta inda ya shigo. Ta nan za mu bi."

Ta nuna doguwar hanya.

Muka bi su a baya muna danne dariya har cikinmu na ciwo. Suka wuce masunta biyu da kwalekwalensu, suka wuce inda balbelu ke taruwa, suna lissafa wa ya mutu, wa ya koma gida, wace mai ƙosai ce ta fi kowa rowa a bakin masaƙa. Hajiya da ke cewa gwiwarta ta ƙare, har tsallake kwata ta yi ba ta nemi hannun kowa ba.

A bakin mota na buɗe mata ƙofa. Ta harare ni.

"Kai, baiwar Allah ta rako ni duk wannan nisa, in bar ta ta koma ita kaɗai? Ba haka aka rene ni ba."

Ta raka Mama har lambu. A lambu Mama ta ce ai ba a bar babba ya juya shi kaɗai.

"Wace ce babba? Ke kika girme ni!"

"Ni? Ina goyon fari kina da uku, Hajiya!"

Zuwa lokacin Hajiya ta gano mu sarai, don ta juyo ta nuna ni da yatsa ta ce za mu haɗu a gida. Amma a fi ta iya rakiya? Ta gyara mayafi ta shige gaba, ta doguwar hanyar kuma. Ƙanwata ta zube a ciyawa tana dariya har da hawaye.

Zagaye biyu cur suka yi. Ƙarfe tara da minti goma muka bar wurin.

Da wata ya zagayo, likita ya duba sakamakon gwaji ya ɗage maganar allura. Har yau ni nake kai ta wurin Mama duk Asabar, amma an hana ni bin su.