Ƙafata da Ƙafar Kaza

Shekarar da na sayi keken ɗinki na kafa shi a kasuwar Kurmi, a shekarar na faɗo daga kan soronmu na Koki ina gyaran indararo. Ƙafar dama ce ta karye, wadda nake taka keken da ita.

A asibiti likita Bature ya ce ƙashin ya farfashe, sai an tsaga an haɗa shi da ƙarfe. Ni na yarda. Amma baffana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya murtuke fuska.

"A feɗe min ɗa kamar rago? Ya tashi kiyama da ƙarfen Nasara a jiki? Ku ɗauko shi!"

Aka kwaso ni a amalanke, aka kira wani maɗori daga Dala. Ya ja ƙafar har na ga taurari da rana, ya jera karare ya ɗaure tamau. Sannan ya sa aka kamo kaza, ya karya mata ƙafa ita ma ya ɗora. Wai duk ranar da ta taka, na warke.

Daga nan gidanmu ya koma jinyar kaza. Gero ake watsa mata, a kai ta inuwa, a kore mata zakara. Mai zuwa dubiya ma sai ya fara leƙa ta. Ina cewa ƙafata na zugi, yatsuna sun kumbura, ana ce min, "Haba, ai jiya ta ɗan dogara." Wallahi ban taɓa tsanar wata halitta kamar kazar nan ba.

Ranar da ta yi gudu mata suka rangaɗa guɗa. Aka kwance ni, aka miƙar da ni tsaye. Ƙafar ta gajarce, ta karkace waje. Na lallaɓa na koma wurin likita, ya ce ƙashin ya riga ya haɗe a haka.

Na zauna gaban keken, idon sawun ya ƙi lanƙwasuwa. Dole na koma tabarma da allura, ina ɗinkin hula.

Har baffa ya bar duniya, in baƙo ya zo zaure sai ya nuna ni ya ce, "Ba don na tsaya ba, da sun lalata masa ƙafa."

Ni kuwa sai in ce, "Haka ne, Baffa."