Takalman Yaya Habibu Suna Kallon Waje

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Habibu, kuma bana ce shekarar farko da na kasa zuwa kan kabarinsa. Maƙabartar tana can bayan gari, dokar kulle kuwa ta ɗaure mu a Kuala Lumpur. Shagon wayoyin da nake tsaro a Bukit Bintang a rufe yake, ni kuma ina ɗakina a Wangsa Maju, daga salla sai tunani. Da wata shekarar ce, da na rubuta abin da aka saba, in ce mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, a shafa. To bana ya bar mini rigima a ƙofar gidansa, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ban san ko na raba ta daidai ba.

Ga rigimar. Yaya ya bar 'ya ɗaya tilo, Nafisa, wadda aka zo da ita ƙasar nan tana goye, yanzu tana jami'a. Tana so ta shiga ƙungiyar 'yan kwana-kwanan sa-kai ta unguwarsu, Sentul, wadda ubanta ya yi wa hidima, a daidai lokacin da korona ke ɗibar mutane. Uwarta, Anti Rabi, ta ce sam. Shugaban ƙungiyar ya ce ba zai rubuta sunanta ba sai da yardar gida. Sai Anti Rabi ta kira ni a waya ta ce ni ne uba yanzu, in hana ta. Matar da shekara da shekaru take tsokanata da cewa ko kaza ba za a ba ni kiwo ba, yau ita ce ta naɗa ni uba.

Yadda Yaya ya shiga wannan aiki ma abin dariya ne. Karatu ya kawo shi, daga baya ya samu koyarwa ya zauna. Ba su daɗe da tarewa a benen Sentul ba, wata rana da rana ƙararrawar gobara ta kaɗa. Ƙa'idar nan ita ce kowa ya sauka a natse ya taru a fili. Shi kuwa ɗan Fagge ne, inda in aka yi ihun gobara ba wanda yake tambayar gidan wa, kowa bokiti yake sura. Mutane na gangarowa, shi yana kutsawa sama da bokitin wanka, daga shi sai zanen gida da singileti, yana ihun gobara da Hausa. A hawa na uku wani dattijo Ba'indiye ya cafke shi, ya ƙwace bokitin, ya wanke shi tas, domin wutar ta lantarki ce, da ya watsa ruwan nan da tuni an yi jana'izarsa. Da aka kashe wutar, dattijon ya neme shi ya ce duk wanda ƙafarsa take gudu zuwa inda kowa ke gujewa, gara a koya masa yadda ake yi kafin ya kashe kansa. Wannan dattijo shi ne Ankul Mani, shugaban ƙungiyar har yau.

A bakinsa na ji tarihin abin, a shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi masu sayar da abinci, muna shan shayi, kuma yadda ya faɗa mini haka zan faɗa, ban bincika a littafi ba. Ya ce Sentul unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ce tun asali, gidajen katako a manne da juna, motar bomba ta gwamnati, wato kwana-kwana, kafin ta iso an gama toka. Sai ma'aikatan suka rataye guntun ƙarfen dogo a jikin bishiya. In an buga shi, Ba'indiye da ɗan Caina da Bamalaye su jeru daga famfo zuwa gidan da ya kama, ana miƙa bokiti hannu da hannu. Daga baya aka yi musu rajista, jami'an gwamnati suka riƙa horar da su, suka samu tsohuwar mota da mesa. Ya ce kusan kowace tsohuwar unguwa a birnin nan tana da irin nata labarin, har gasa ake yi a ga wa zai riga isa.

Abu ɗaya ya rage musu daga wancan zamani, shi ne maganar takalmi. A ƙasar nan kowa a waje yake cire takalminsa. Ma'aikacin da ya kwana a bakin aiki yana son barci sai ya juya takalman aikinsa su kalli bango, ba mai buga masa ƙofa. Wanda ya bar nasa suna kallon waje kuwa, ya ce wa unguwa ke nan a buga, ko wane lokaci ne. Takalman Yaya, manya na roba masu dogon wuya, ban taɓa ganin sun kalli bango ba.

Na sha yi masa tsiya. Na ce malami guda, baƙo a ƙasar mutane, ba albashi ba lada a hannu, me ya haɗa ka da jan mesa da ciro maciji daga bandakin mutane? Hausawa cewa suka yi in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Sai ya yi dariya ya ce ai shi ya shafa, ragowar ruwan ne yake kai wa mai gemun. Kullum fargabarmu wuta ce za ta ci shi. Ashe a kan gado zai cika, ciwon hanta, yana ta ba mu haƙuri a kan wahalar jinya.

Bayan an share makoki Anti Rabi ta ƙi komawa Kano saboda karatun Nafisa. Ta bar takalman a ƙofa, ta ce don masu wucewa su ga kamar da namiji a gidan. Na ga hikimar haka, ban ƙara bi ta kansu ba.

Sai ga wannan annoba. Wata ranar Laraba bayan azahar aka buga musu ƙofa. Wata tsohuwa ce 'yar Caina daga hawa na sama, mijinta numfashi ya gagare shi, ta kira motar asibiti layi a cushe, maƙwabta kowa ya kulle ƙofarsa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Ta san Yaya ya rasu, har gaisuwa ta zo. Amma ita 'yar ma'aikacin jirgi ce, ta ce ta ga takalman har yanzu waje suke kallo, sai ta ɗauka gidan bai daina amsawa ba. Kafin Anti Rabi ta idar da salla, Nafisa ta ɗaura takunkumi biyu ta kira mutanen Ankul Mani. Suka zo da tukunyar iska, suka sauko da tsohon a kan kujera, ita tana riƙe da tukunyar har bakin mota. Bayan nan ta killace kanta a ɗaki, uwar tana ajiye mata abinci a ƙofa tana kuka. Allah ya tsare, ba ta kamu ba. Tsohon kuwa ya mutu a asibiti.

A nan kaina ya kulle. Duk abin da aka raine mu a kai an kifar da shi. An koya mana in maƙwabci ya yi ihu ka ruga, yanzu an ce ƙaunar da za ka yi masa ita ce ka tsaya nesa. Ladan da kansa cewa yake a yi salla a gida. 'Yan kwana-kwanan ma ba wuta suke kashewa ba, feshin magani suke yi a matakala da kasuwa, suna raba shinkafa, suna ɗaukar marasa lafiya. Ina tambayar kaina, da Yaya yana nan me zai ce? Wani lokaci in gan shi ya riga kowa sa farar rigar leda. Wani lokaci kuma in tuna mutumin da in Nafisa ta yi zazzaɓi ba ya iya cin abinci, in ce wallahi da kansa zai sa wa ƙofar kwaɗo. Mutum yakan yi kasada da ransa, amma da ran ɗansa fa? Ban sani ba. Na yi istihara, na tashi yadda na kwanta.

Na kira Nafisa na fara jan ayoyi da karin magana, na ce rigakafi ya fi magani, kuma ita kaɗai uwarta ta mallaka. Ta saurara har na gaji, tana amsa mini rabi da Hausa rabi da Malayanci, yadda yaran nan suke yi. Ta ce ta san tsohon bai tashi ba, amma bai mutu a ƙasan ɗaki matarsa na kallo ba. Sannan ta ce, “Baffa, in ka hana ni zan hanu. Amma ka zo da kanka ka juya takalman, ni ba zan iya ba.”

Na kira Ankul Mani ko zai sauke mini kayan. Shi ma tsufa da asma sun zaunar da shi, ta waya yake tura yaransa. Ya ce bai taɓa roƙon kowa ya shigo ba, kuma ba zai yi mini ƙarya ya ce ba haɗari. Ya ƙara da cewa ita dai ta fi ubanta hankali, tunda sai da ta rufe hanci kafin ta ruga. Wannan ba amsa ba ce, na kuwa gaya masa.

Da Anti Rabi ta ji sharaɗin 'yarta, sai ta ce to me nake jira, in zo in kwashe su gaba ɗaya. Na tambaye ta, ita da ta fi kowa sanin ma'anarsu, don me ta bar su haka shekara shida? Ta ce in ta yi shara hannunta ne yake mayar da su yadda ya saba, kada in dame ta da tambaya.

Na fake da cefane na tafi Sentul da niyyar in yi abin da uwa ta ce, tunda ita ta haifa. Na ajiye musu leda a ƙofa, na yi sallama daga nesa, na sunkuya na ɗaga takalman. An goge su fes. Na ji ɗaya ya fi yadda na zata nauyi, na zura hannu, sai na taɓo tsumma cushe a wajen yatsu. Na jawo shi. Atamfa ce shuɗiya, an yanka an naɗe an ɗinke bakin da zare, daidai yadda ƙaramar ƙafa za ta zauna ba ta yi lilo ba. Na san zanen, Yaya ne ya sayo wa Anti Rabi shi a zuwansa Kano na ƙarshe. Nafisa kuwa ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa ba.

Na ce, “Anti, wannan fa?”

Ta leƙo ta bayan ƙofa ta ga abin da ke hannuna. Can ta ce, “Na ce ka hana ta. Amma na san jinin gidanku. In ta fi ƙarfinka, kada takalmi ya ci mata ƙafa.”

Na daɗe a tsaye riƙe da su. Daga ƙarshe na mayar da tsumman, na ajiye su yadda na same su, na kira Ankul Mani tun ban gama sauka daga benen ba, na ce ya rubuta sunan Nafisa. Kada mai karatu ya ɗauka na gano gaskiya ne. Har gobe in aka ce in kare abin da na yi a gaban malamai, ba ni da hujjar da ta wuce guntun atamfa.

Yaya bai bar gida ba, bai bar fili ba, littattafansa ma mun rabar wa ɗalibai. Abin da ya bari shi ne ƙofar da mutanen unguwa suke ganin za a buɗe musu, da mata biyu da suka kasa juya takalmi, da ƙane wanda ya je juyawa ya dawo. Ko gado ne wannan ko jarrabawa, Allah ne masani. Allah ya ji ƙansa, ya tsare abin da ya bari.

Nafisa ta fara fita da masu feshi. Kullum da la'asar Anti Rabi takan kira ni ta ce in wani abu ya sami 'yarta ni ne, in ce na ji, ta sake maimaitawa, in sake cewa na ji. Muna cikin haka sai ta ce in yi shiru, kamar ta ji tafiya a matakala.