Kashi na Biyu a Falon Sparkhill

Fim ɗin farko a Longsight, unguwarmu a Manchester, muka kalle shi, shekarar da mahaifiyata, Hajiya, ta fara zuwa Ingila. Ranar Kirsimeti ce. Mu ba bikinmu ba ne, amma hutun kan shafe mu ko mun so ko mun ƙi: babu bas a Stockport Road, ofis a rufe, sanyi ya hana kowa leƙa waje. Maigidana yana asibiti, don likitoci Musulmi ake yawan bar wa aikin wannan rana. Daga ni sai Hajiya sai 'yata, wadda a lokacin ba ta daɗe da shiga firamare ba. Na kunna talabijin don kawai gidan ya yi motsi.

Labarin ba shi da wani tsawo. Wani dattijo ne mai surukai biyu, matan 'ya'yansa. Kowacce ta gaso talo-talo ta kawo gidansa, kowacce kuma ta kafe nata za a ci. Shi kuwa bawan Allah ba ya son ɓata wa kowa. Ya ci a wannan faranti ya yaba, ya juya ya ci a wancan ya yaba, da cikinsa ya cika sai ya koma zuba nama a aljihun rigar sanyinsa. Karen gidan ya gano. Daga nan har ƙarshe dattijo na kewaya falo da fara'a, kare na biye da shi.

Hajiya ba ta jin Turanci, don haka ni ce mai fassara, irin ta gidan kallo: wanda na gane in faɗa, wanda ban gane ba in ƙirƙira. Amma kusan ba ta buƙace ni ba, fuskar dattijon kaɗai ta isa. Ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi, 'yata na kan cinyarta, su biyun suna nuna kare da yatsa.

Abin ya lalace ne daga baya, da muka je Kano hutu, yarinyar ta fara tasowa. Muna shiga gida Hajiya ta tarbe ta da abin da kowace kaka ke tarbar jika da shi.

"Wa nake gani haka? Baturiya mai ƙafa kamar sillen kara! Wa zai kwashi wannan?"

'Yata ta durƙusa ta gaishe ta da 'yar Hausarta. Hajiya ta ce wannan Hausa kamar an cusa wa mutum dankali mai zafi a baki. Tsakar gida ta ɗauki dariya. Ni ma na yi, don a kunnena wannan ƙauna ce tsagwaronta. Jikokin da ke Kano suka dinga ramawa, wani ya ce tsohuwa ta cika surutu, wata ta ce ta ƙi mutuwa ta bar su su sha gumba. Tawa kuwa ta sunkuyar da kai. Tun daga wannan tafiya ta daina Hausa. Tana jin komai, amma ko me ka ce mata, da Turancin Manchester za ta amsa. In Hajiya ta kira waya, sai ta tuna tana da aikin makaranta.

Na zaunar da ita ba sau ɗaya ba. Na ce tsakanin kaka da jika wasa ne, wanda aka fi so shi aka fi tsokana, kuma ana jiran ki rama. Na ba ta misalin gumba. Ta zaro ido.

"That's horrible, Mum. Ki ce wa kakarki ta mutu? Ba ta so na, kawai ki yarda." Rabinsa da Turanci ta faɗa, ni ce na mayar.

Ita ma Hajiya ta ɓangarenta ta fara ja da baya. Ta ce min a waya, "Yarinyar nan taki ba ta da sakin jiki. Ko dai ƙyamata take?" Wannan magana ta yi min ciwo ƙwarai.

Bara Hajiya ta dawo, aikin ido ya kawo ta, ta sauka gidan ƙanena a unguwar Sparkhill, a Birmingham. Tun a filin jirgi ta sanar da mu cewa daga wannan ta gama, gwiwoyinta ba za su sake hawa jirgi ba. Bayan sabuwar shekara za ta koma. Na ƙudurta a raina ba za ta bar ƙasar nan ba sai bakinsu ya haɗu da na jikarta, ko da kuwa duk su biyun za su yi fushi da ni.

Ana cikin haka na ga an fito da kashi na biyu na fim ɗinmu. Na fara kallonsa ni kaɗai, kamar yadda duk mai hankali zai yi kafin ya kunna abu a gaban uwarsa. Kaico. Kuɗi dai an kashe. An kwashe iyalin daga ɗan gidansu an kai su wani katafaren otal a bakin teku, da jirgin ruwa da tseren motoci da wani ɓarawon agogo da ban san me ya kawo shi ba. Dattijon da ya riƙe fim ɗin farko sau ɗaya ya leƙo, ta waya. A madadinsa aka kawo wata tsohuwa mai mita. Wasan nama a aljihu kuwa sai da suka maimaita shi har ya gundure ni, wannan karon da kifi, kuma babu dalili, don babu wanda ake gudun ɓata wa rai. Na farko da ido ake kallonsa, ko kurma zai yi dariya. Na biyu duk surutu ne, in ba ka ji abin da aka ce ba, ba ka ga komai ba.

Wannan aibin nasa shi ya yi min daidai. Idon Hajiya ɗaya a rufe yake da auduga, ɗayan yana gani dishi-dishi. Dole sai da mai fassara a gefenta, kuma na riga na yanke ba ni ba ce.

Ranar Kirsimeti da hantsi muka kama hanyar Birmingham, titi fayau. Sai da muka yi nisa na gaya wa 'yata aikinta. Ta ce ba za ta yi ba. Na ce za ta yi. Ta ce za a yi mata dariya. Na ce tabbas za a yi, kuma ba a taɓa kai kowa asibiti saboda haka ba. Ta toshe kunnuwanta da waƙa har muka shiga Stratford Road, inda shagunan 'yan Pakistan ke buɗe kamar ba su san da wani biki ba.

Bayan azahar na kunna fim, na zaunar da ita kusa da Hajiya, na ja ƙanena gefe.

"Ko me ka ji, kada ka sa baki."

"Yaya, yarinyar nan fa za ta sha wahala."

"Ta sha."

Na shige kicin wajen matarsa, muka hau suyar waina, na bar ƙofa a buɗe.

Da farko hayaniyar fim kawai nake ji. Can na ji Hajiya: "Ke Baturiya, ina dattijon nan mai kare? Ko sun kashe shi?"

"Yana... gida. Bai zo ba."

"To me muke kallo?"

Haka suka fara, kalma ɗaya, kalma biyu. Yarinyar ta ce "jirgi na ruwa", ta ce "mutumin ya sace agogo, kuma yana gudu, kuma ban san why ba". Hajiya ta ce ita ma ba ta san wayi ba, kuma da wannan Hausa gara a kawo mata ɗan Inyamurin da ke sayar da batir a Sabon Gari. Falon ya yi tsit. Na san wannan shirun, shi ne na Kano. Ƙafata har ta ɗaga za ta tafi ceto, na mayar da ita, na ci gaba da juya waina. Matar ƙanena ta dube ni, na kawar da kai. Tausayin 'yata ya cika min ciki, amma ban fita ba.

Sai ga muryar tsohuwar fim ta cika falon, tana ta zazzaga wa ma'aikatan otal.

"Wannan kuma masifar me take yi?" in ji Hajiya.

'Yata ta fassara mata. "Ta ce abinci ba daɗi. Ta ce gado ba daɗi. Ta ce jikarta mummuna ce."

"Kai, Allah wadaran tsohuwar banza."

"Kamar ke ce, Hajiya. Amma ita tana da haƙori."

"Ke!" Ƙanena ne, ya manta da gargaɗina.

Na fito da cokalin suya a hannu. 'Yata ta miƙe tsaye, hannu a baki, idonta ya kawo ruwa, tana dubana tana jiran hukunci. Hajiya ta juyo da buɗaɗɗen idonta a hankali.

"Me kika ce?"

"Sorry, Hajiya, ban..."

"A'a, ba sori na tambaye ki ba. Sake faɗa in ji."

Ta sake faɗa, can ƙasa-ƙasa. Hajiya ta kwashe da dariya har tana dafe audugar idonta, ƙanena na roƙonta ta yi a hankali saboda ɗinki. Ta laluba ta kamo hannun yarinyar ta jawo ta jikinta.

"Ja'ira mai ƙafar sauro. Shekara da shekaru ina jifa ba a ramawa, na ɗauka ba ki ɗauke ni kaka ba." Ta ɗago kai wajen da take jin motsina. "Ke kuma me kike tsaye yi a kanmu? Koma kicin, ni da jikata muna kallo."